Yadda na ajiye tsohuwar kwamfutata na koma ga 'yar ƙarama ta hannu

Shago gare ni ɗan ƙarami a unguwar Zariya nan cikin Maradi, aikin sezi nike yi da hoto kofi da katin biki da na suna, sai kuma memuwar na ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo in ƙarshen shekara ya matso, lokacin nan ne ma nike samun abin kirki. Kwamfutar da na daɗe ina aiki da ita HP Z420 ce, irin manyan nan masu tsayuwa ƙasan tebur, ƙirar 2012, ni ma ta hannu na saye ta tun farko. Ta fi kilo goma, in za ka ɗaga ta sai ka sa hannu biyu ka riƙe numfashi. Wallahi ina son injin nan, da ita na yi kuɗɗin aure, da ita na sayi firintar da nike aiki da ita yanzu, shi ya sa na yi wata da watanni ina jan ƙafa kafin na yarda in canza.

Abin ya fara ne da nauyi. Da safe in na kunna ta sai in share shago in yayyafa ruwa bakin ƙofa in sha shayi sannan ta gama buɗewa, CorelDraw kuma in na taɓa shi sai kwastoma ya gaji da tsayuwa ya nemi benci. Na kira wani yaro mai gyara, ƙanen abokina ne, ya buɗe ya duba ya ce min "yaya injin ga lafiyarshi lau, diski ne ya tsufa, sa mashi SSD, sabon irin diskin nan mai sauri, ka ga aiki". Na ba da jika 15 ya sa, kuma gaskiya ya faɗa, cikin daƙiƙa ashirin da 'yan kai take tashi, har na ce to magana ta ƙare. Duk wanda matsalarshi nauyi ce kawai, ni dai a ganina ya tsaya nan, kar ya kashe kuɗɗinshi kan wani inji.

Amma ni matsalata ta gaske kuran ce. Wutar Maradi da Damagaram daga Najeriya take shigowa ta layin Katsina, kowa ya tuna yadda aka sha a watan Agusta na 2023 da aka yanke ta sanadin takunkumin CEDEAO har zuwa Maris na 2024, kuma ko da ta dawo in bazara ta kama kowa ya kunna fanka da firij ba a rasa ɗaukewa. Tun lokacin na haɗa pano biyu da batir guda mai 12 volt 100Ah da ɗan inbata, ina ganin na tsira. Ina! Da zarar wuta ta tafi na mayar da babbar kan batir, awa uku da 'yan mintuna sai inbata ya fara kuka. Wata rana wata ɗaliba ta zo da mahaifinta tun daga Madarunfa, washegari za ta ajiye memuwar ɗinta, muna tsakiyar gyaran shafuka batir ya ƙare, dattijon nan yana zaune bakin shago da carbi yana tambayata "ɗana yaushe za ta dawo?" ni kuma ba ni da amsar da zan ba shi. Dole na zuba masu aikin a kile na tura su wani shago mai gurup. Ranar ban yi barcin kirki ba.

Yaron mai gyara shi ya kawo min ɗan abin awon wuta da ake soka wa a soket, muka auna. Babbar tana zaune ba ta komai tana jan wat kusan 90, in na buɗe aiki mai nauyi ta haura 200, ga ekaran na shi daban. Ba abin mamaki ba ne, processor ɗin Xeon da ke ciki, wato abin da ke yi wa injin lissafi, shi kaɗai an ƙera shi kan wat 130, akwatin wutarta na wat 600 ne, ga katin hoto na Quadro ga fanka-fanka. Sai ya yi min lissafi a bayan wata takarda, batir 12 volt sau 100 ya ba da 1200, kuma irin batir ɗin nan na dalma in kana son ya yi shekaru ba ka shan fiye da rabi, wato 600 ke gare ka, raba wa wat 150 ɗin da kayanka ke ja ka gani. Awa huɗu, in ka cire abin da inbata ke ci ya koma uku da wani abu. Daidai abin da nike gani kullum. Ya ce min akwai ƙananan nan da ofisoshin Turai da Amurka ke zubarwa bayan sun yi 'yan shekaru, irin su Lenovo Tiny da HP Mini da Dell Micro, cajarsu kamar ta laftof wat 65, ya ce in gwada.

Ban yarda nan take ba. Abin da ke raina shi ne yaya za a yi abu kamar kwalin dabino ya yi aikin wannan ƙatuwar, kuma mu nan in kwastoma ya leƙo ya ga babban inji yana ruri sai ya ji hankalinshi ya kwanta. Na yi tunanin laftof, amma laftof mai ƙarfi ta hannu ta fi tsada kuma batirinta yawanci ya riga ya mutu, ni kuma ina da ekaran da kilabiye na AZERTY, mai tsarin haruffan Faransanci, da hannuna ya saba da shi, kayan da ke zuwa ta Kano kusan duka QWERTY ne, in kana rubuta Faransanci yini guda rashin é da è kawai ya isa ya ɓata maka rai. Na yi tunanin ƙara batir na biyu, da na tambayi kuɗɗinshi sai na ga ya kai kuɗɗin ƙaramar kwamfutar, kuma batir shekara biyu ko uku zafin Maradi ya cinye shi sai ka sake saye.

Sai ga maganar Windows ta zo ta ƙara tura ni. Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida sai inji mai ɗan guntun tsaron nan da ake kira TPM 2.0 da processor na Intel zubi na 8 ko sama, tawa ba ta cikin lissafi ko kusa. Na san akwai dabarar da yara ke yi su tilasta shi ya shiga, amma ni kile nawa ake soka min a yini, daga na ɗalibai har na 'yan kasuwa, kowanne da tarkacen bairos ɗinshi, ba na son in zauna kan abin da ba ya samun gyaran tsaro.

Nan ne na kusa yin asara. Na ba wani ɗan kasuwa da ke zuwa Kano ta Ɗan Isa da Jibiya saƙo, na ce mashi Lenovo ƙarama Core i5, iyakar abin da na faɗa kenan. Bayan sati ya kawo ta a leda, fes da ita, ya ce "ga ta Malam, i5 ce kamar yadda ka ce". Har na fara ƙirga kuɗɗi sai yaron nan ya ce a kunna tukuna. Ya shiga bayanan injin sai ga i5-6500T, M710q ce. Ya nuna min da yatsa, ya ce lambar farko bayan i5 ɗin ita ce zubi, wannan na 6 ne, Windows 11 ba ya karɓarta a ƙa'ida, kuma kwakwalwa huɗu gare ta. Wadda muke so M720q ce mai i5-8500T, ƙirar 2018, kwakwalwa shida, wat 35. A ido kusan ba ka bambanta su, baƙaƙe ne girmansu ɗaya, sai ka juya ka karanta takardar da ke manne. Mutumin bai ji daɗi ba, ya ce shi i5 aka ce mashi, kuma da gaskiyarshi, ni ne ban rubuta mashi lamba ba. Muka sasanta na biya kuɗɗin mota ya koma da ita, wannan karon na rubuta M720q da 8500T a takarda na kuma tura mashi ta WhatsApp, na ce kafin ya biya a kunna a ɗauko min hoton ekaran.

Da ta iso mun kai awa biyu muna bincike kafin in miƙa jika 85. Yaron ya danna F1 ya shiga BIOS, wato wurin saitin injin na farko, don ya tabbata ba a kulle ta da kalmar sirri ba, ya ce da yawa daga kayan ofisoshi haka suke zuwa a kulle kuma buɗe su wahala ne. Ya kwance noti guda a baya murfin ya zame, muka ga fanka da ƙura ta yi mata kamar auduga, ya hure ta ya goge tsohon man da ke kan processor ya shafa sabo, ya canza ɗan batir ɗin agogo CR2032. Ya soka kile a kowace kafar USB ɗaya bayan ɗaya, ya duba lafiyar SSD da wata manhaja. Caja ce kawai ba mu yarda da ita ba, ba ta da nauyi ko kaɗan a hannu kuma rubutun jikinta duk ya karkace, da muka bar ta rabin awa ta yi zafin da ba ka iya riƙewa. Na ƙara jika 6 na nemo ta asali mai 20 volt mai baki murabba'i.

Akwai abubuwan da ban lissafa ba sai da na zo haɗawa. Bakin wayar ekaran ɗina irin na VGA ne, ita kuma kafofin HDMI da DisplayPort gare ta, sai da na shiga babbar kasuwa neman ɗan abin haɗi. RAM ɗin tsohuwar, wato inda inji ke riƙe aikin da ke buɗe, giga 16 ne amma DDR3 dogo, ƙaramar DDR4 gajere irin na laftof take ɗauka, ko ɗaya bai shiga ba, da giga 8 ta zo. Ba ta da wurin faifai, kuma har yanzu akwai masu kawo min CD na tsohon biki su ce a zuba masu a waya. Babban abin da ya fi damuna manyan diski biyu da ke cikin tsohuwar, aikin shekaru ne a ciki, katunan mutane da tambarin shaguna da hotunan fasfo da ake dawowa nema bayan shekara uku, ƙaramar ba ta da wurin diski mai inci 3.5, daga wurin ɗan ƙaramin SSD na M.2 sai na ɗan siriri mai 2.5. Wannan ne ya sa na fasa sayar da tsohuwar duk da wani ya taya jika 40.

To aikin fa? Ni da nike tsoron za ta gaza, sai na ga a Word da CorelDraw ta ma fi tsohuwar sauri. Inda take nishi shi ne in na buɗe babban bana na talla a Photoshop mai shafi-shafi da yawa, irin na mita uku da ake yi wa shaguna, nan giga 8 ke cika ta fara jan ƙafa. Cikin Afrilu da Mayu kuma in zafi ya wuce digiri 40, shagon kwano ne, ɗan fankan cikinta yakan yi ƙara siririya da rana tsaka, sai na ɗora ta kan 'yan katakai biyu iska na bi ta ƙasa, kuma duk ƙarshen wata ina buɗewa in hure, lokacin hunturu ma duk sati biyu don ƙurar Maradi ba ta da wasa.

Mun sake sa abin awon nan. Tana zaune wat 10 zuwa 12, ina aiki 25 zuwa 35, da ekaran duka ba su cika kai 60 ba. Batir ɗin nan dai guda da ke mutuwa cikin awa uku yanzu yana kai ni tun hantsi har bayan isha'i, da rana ma pano na cika shi ina aiki. Abu ɗaya da bai canza ba firinta ce, ta leza in ta zo dumama tana fizgar wat ɗaruruwa lokaci guda, inbata na ba ya ɗaukarta, don haka in babu wuta ina gama sezi da gyara in jera aikin, tana dawowa in buga duka a tashi ɗaya. Shagon ma ya rage zafi, da can ƙafafuna gefen babbar kamar kusa da murhu suke.

Ƙanƙantarta ta sa ni fargabar ɓarayi da farko, abin da yaro zai sa cikin riga ya fita. Yanzu in na tashi rufe shago zare ta nike in sa a jaka da cajarta in ɗaura bayan babur, a gida in haɗa da talabijin in ƙarasa abin da ya rage. Tsohuwar tana nan ƙasan tebur na lulluɓe ta da zane, duk ranar Juma'a bayan an sauko masallaci in akwai wuta nakan kunna ta in kwafe aikin sati a cikin manyan diskin nan, in wani ya kawo CD ita ce dai ke karantawa. Ɗalibar nan ta Madarunfa ta turo min ƙanwarta bana da nata memuwar, shafi 74, ranar ma an ɗauke wuta tun azahar, muka zauna muka gyara shi tsaf har teburan da ke ƙarshe, wuta ta dawo wajen ƙarfe tara na dare na buga mata kofi uku. Kuɗɗin aikin na ware su gefe, giga 8 na biyu nike son ƙarawa kafin lokacin bukukuwan bayan salla.