Na daina zuba wa yarana abincin makaranta a roba da leda

Wata Laraba ce bayan yara sun dawo daga makaranta, na buɗe kwandon abincin auta sai na tarar robar da na zuba masa taliya da safe ta lanƙwashe, murfin ya ƙi zama, cikinta kuma ya yi jawur da manja, na sa omo na sa soso na dirza har hannuna ya gaji amma jan nan yana nan daram. Na tsaya bakin famfo ina jujjuya ta. To in manja zai iya shiga jikin roba ya zauna haka, me zai hana abin da ke jikin robar shi ma ya shiga abincin? Kullum fa daga kan wuta nake juyewa, tururi na tashi nake rufewa saboda mai adaidaita yana ƙofar gida yana ta hon.

Da na bi diddigi sai na gane abu biyu ne ba sa shiri da roba, zafi da maiƙo, kuma abincinmu gaba ɗaya ai su ne. Akwai sinadarin da ake kira BPA da ake sawa a wasu robobi masu tauri, yana kwaikwayon sinadaran jiki masu kula da girma da balaga, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana sa shi a fidar jarirai tun 2011. Ku kifa robarku ku duba gindinta, yawanci akwai lamba a cikin wani ɗan zane mai kusurwa uku. Mai lamba 5 ta fi jure zafi. Mai lamba 6 ita ce dangin farar robar nan mai kamar soso da ake rabon shinkafa a biki, wadda gwamnatin Legas ta haramta a Janairun 2024. Nawa kuwa rabinsu ko lambar babu, na masu tura baro ne.

Sai batun shara. Yara uku gare ni, kowa fiya wata biyu a rana, kwana biyar, leda talatin kenan a sati daga gidana kaɗai, ba a sa ledar biskit da kwalin jus da baƙar ledar da nake ƙulle ƙosai ba. Duk wanda ya taɓa bi ta Tudun Wada ko Rigasa a nan Kaduna bayan ruwan Agusta ya san inda suke ƙarewa, kwata ta toshe ruwa ya hau titi, in rani ya yi kuma a tara a banka musu wuta mu shaƙi hayaƙin. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya a 2017, mu kuwa ko albasa ɗaya ka saya sai an ƙulle maka.

Ranar Asabar na shiga Kasuwar Gumi na sayo ƙananan kuloli masu cikin silba guda uku, da kwanonin silba masu murfi, da gorar ruwa ta ƙarfe. Kuɗin ya ɗan cije ni gaskiya, amma da na lissafa abin da nake kashewa a jus da biskit sai na ga kafin zangon karatu ya ƙare sun biya kansu. Abu ɗaya, ku buɗe kular ku leƙa kafin ku biya, wasu waje ne kawai ke ƙyalli, cikin roba ce.

Inda na fi jin kunya shi ne alale. Shekara nawa ina ƙulla shi a farar leda ina jefawa a tafasasshen ruwa, ledar na dahuwa tare da waken kusan awa guda. Da na faɗa wa surukata na koma yi a ƙananan kofunan silba sai ta yi dariya ta ce, "Yo 'yar nan yau kika waye? Mu da a gwangwani muke yi ko a ganye, ku ne kuka zo da ƙiwar wanke-wanke." Na ce, "Wallahi Hajiya gaskiyarki." Me zan ce. Gwangwanin ma dai in ya fara tsatsa a jefar.

Mazubi kuma rabin magana ne, abin da ke ciki fa? Wake yanzu ba na sayen wanda ya yi kyau fiye da kima, ba ƙwaro ko ɗaya kuma yana wani wari-wari, don wasu fiya-fiya suke zuba masa a buhu, kan irin wannan maganin ne Turai ta dakatar da sayen wakenmu a 2015. Gyaɗa ina zama in tsince duk wadda ta yi baƙi ko ta yi fumfuna, akwai guba a cikinta mai taɓa hanta kuma suya ba ta kashe ta. Ayaba da mangwaro in na ga bawon ya yi ruwan ɗorawa tas amma ciki da tauri ba zaƙi sai in wuce, hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna ta sha gargaɗi a kan masu nunar da su da kabaid ɗin 'yan walda. Zoɓo ni nake dafawa da citta da kanumfari da ɓawon abarba, don gorunan da ake sayarwa a ciki na sha ganin yara suna tsinto su a wajen biki. Kunun aya na gwada sau ɗaya, kafin a tashi tara ya yi tsami, zafin Maris ba ya barinsa.

Yanzu dai abin da ke yawo a kwandonsu shi ne ɗanwake da ƙwai, dambun shinkafa da zogale, awara, dankali da miyar ƙwai, wani lokaci masa. Dabino da aya a ɗan kwano, gwaiba ko yalo in lokacinsu ne. Burodi in naɗe a adiko mai tsabta.

Kada ku ɗauka lafiya lau aka yi. Satin farko miyar masa ta kife a jakar babbar, littafin lissafinta har yau ƙanshin daddawa yake, daga nan na koyi raba miya a kwano mai murfin murɗawa. Cokula kuwa na daina ƙirga waɗanda suka ɓace, sai da na sa jan farce na yi wa kowanne alama. Kuma ranar da na makara, eh, Indomie nake dafawa, ba zan yi muku ƙarya ba, sai dai a kula take tafiya.

Wanda ya fi ba ni aiki auta ne. Ya dawo ranar nan ya tura baki, wai "Umma kowa da jus ɗinsa mai tsinke, ni kaɗai ne mai zoɓo kamar ɗan ƙauye." Na lallashe shi muka yi yarjejeniya ranar Juma'a zan riƙa ba shi kuɗin tara ya sayi abin da yake so. Jiya kuma sai ga shi yana cewa in ƙara masa awara gobe, da yaji da yawa. Na ce kai da ba ka cinye huɗu? Ashe abokin zamansa ne ke ba shi biskit yana karɓar awara biyu.