Hantar ɓeran Zucker: sukarin jini daidai, amma ciwon na nan

Ɓeran Zucker mai ƙiba, wanda Lois da Theodore Zucker suka gano a 1961, yana da tawaya a wurin karɓar saƙon leptin, sinadarin da ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Ci yake ba ƙaƙƙautawa, kafin ya cika mako biyar ƙibar ta fito fili. Abin da ke ruɗin sabon mai bincike shi ne, in ya ɗiga jinin wutsiyarsa a na'ura, sai sukarin ya fito kusan daidai. Wannan ba lafiya ba ce. Insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, shi ne ya yi yawa ninkin ba ninkin yana danne shi.

A hanta matsalar take. Lafiyayyar hanta, da zarar insulin ya hau bayan cin abinci, sai ta daina ƙera sukari, ta koma adana shi a matsayin gilaikojin. Ta wannan ɓeran kuwa ta yi kunnen ƙashi: PEPCK da G6Pase, sinadaran hanta masu haɗa sukarin da fitar da shi, ba sa lafawa yadda ya kamata. Abin damuwar kuma, umarnin insulin na tara mai tana bin sa sarai. Shi ya sa in an buɗe cikin za a gan ta ta kumbura, ta koɗe, tana maiƙo.

Wajen awo ake yawan yin ɓarna. A gwajin jure sukari ana ba da giram 2 kan kowane kilo na nauyin jiki, a ɗebi jini a minti 0, 15, 30, 60 da 120. To amma kaso mai yawa na nauyin mai ƙiba kitse ne, don haka yana shan sukari fiye da siririn ɗan'uwansa da ake kwatanta su, bambancin sai ya fi na gaskiya. Gara a yi lissafi da nauyin da ba na kitse ba.

A kula da maganin sa barci: xylazine yana hana fitar insulin, ya ɗaga sukari da kansa. Ɓera kuma da dare yake cin abinci, saboda haka azumin dare da ake sa shi kafin gwaji kusan ƙarar da gilaikojin ɗin siririn yake yi, alhali mai ƙiba na da saura. Dole sa'o'in azumi su zo ɗaya.

Hantar kuma, in an ciro ta, kada ta jira a kan tebur. Gilaikojin na fara narkewa nan take, sai a matse ta da awartaki da aka sanyaya a ruwan naitirojin, a ajiye a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili.