Chiang Mai a watan Maris: na biya kuɗina na je shaƙar hayaƙi

Duk wanda zai je Chiang Mai, birnin da ke arewacin ƙasar Tailan, kafin ya tambayi kuɗin jirgi ko na masauki, ya fara duba kalanda. Daga tsakiyar Fabrairu zuwa Afrilu garin ba na zuwa ba ne. Ni a Maris na je, cikin 2023, gab da azumi, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Na gama sarin kaya a kasuwar Pratunam da ke Bangkok, an ɗaure an kai wa masu lodi, bizata kuma da saura. Na daɗe ina zuwa Tailan, amma iyakata kasuwa da otal da gidajen abincin Larabawa na unguwar Nana. Na ce wannan karon sai na ga wani gari, ni kaɗai, ba ɗan rakiya. Wani dattijo ɗan garinmu da ya daɗe a can ya ce, "Alhaji, arewa a wannan watan? Ai ƙonar daji suke yi." Na ce, "Haba Baba, mu da muka tashi cikin hazon hunturu?" Ya yi murmushi ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Jirgin ƙasa na dare na bi daga tashar Krung Thep Aphiwat, tafiyar awa 13 ko kusa da haka, da gado da labule, ba abin kushewa. Da gari ya waye na leƙa taga, sai na ga rana ja wur, kana iya kallonta ido cikin ido.

Abin da Baba bai tsaya ya fayyace min ba shi ne, hazo ƙura ce. Ta busar maka da leɓe, ka shafa man kaɗe ka ci gaba da harkarka. Wannan kuwa hayaƙi ne tsantsa, mai ƙauri, mai yaji a ido, ya sauka a ƙirji ya zauna. Manoma na ƙona karan masara da ragowar gona, wuta na cin dazukan kan duwatsu, na Myanmar da Laos ma iska ta kwaso ta ƙara. Shi kuma garin a kwari yake, duwatsu sun kewaye shi, ba ruwan sama, hayaƙin ba shi da hanyar fita. A watan nan an yi ranakun da shafin IQAir, mai bibiyar ingancin iska, ya sa Chiang Mai a kan gaba cikin manyan biranen duniya wajen gurɓatar iska. Ina cikin garin nake karanta wannan a waya, ina tari.

Sai a lokacin na gane dalilin arahar ɗakin da na kama. Hotunan da masu otal ɗin suka sa a intanet duk sararin sama ne garau da koren dutse. Ba wanda ya yi min ƙarya, amma ba wanda ya ce min uffan.

Garin kansa ba laifi. Sarki Mangrai ne ya kafa shi a 1296, ya zama hedikwatar daular Lanna, kuma tsohon birnin murabba'i ne, da ragowar ganuwa da ƙofofi da ruwa kewaye da shi. Da ƙafa ake zaga shi. In ka gaji ka tare jar a-kori-kurar nan mai benci biyu a baya, ka faɗi inda za ka, baht 30 na kuɗin ƙasar a cikin gari. Ranar Lahadi da yamma ana rufe titin da ya taso daga ƙofar Tha Phae ya zama kasuwa. Na bi duka, amma da takunkumi a fuska, ido na ruwa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne Doi Suthep. Wurin ibadar mabiya Buddha ne a kan dutse, sama da mita 1,000, ni kuma ba ibadarsu ta kai ni ba, dandamalin da ake hango birnin gaba ɗaya na je gani. Na hau matakala sama da 300 ina haki, na cire takalmi kamar kowa, na isa bakin dandamalin. Fari fat. Ko rufin gida ɗaya ban gani ba. Ga allo a gefe da hoton abin da ya kamata in gani.

Inda na huce shi ne masallacin Ban Haw, kusa da kasuwar dare. Musulmin wurin jikokin fataken Yunnan ne na ƙasar Sin, waɗanda suka riƙa ratsa duwatsun nan da alfadarai. Ranar Juma'a da safe suna cin kasuwa a gaban masallacin, lungun kuma cike yake da abincin halal. A nan na ci khao soi: taliya cikin romon kwakwa mai yaji, da naman sa, an barbaɗa soyayyar taliya a sama, ga albasa da lemon tsami a gefe. A sauran gari kuwa sai ka yi hattara, naman alade ko'ina, har cikin tsiren hanji da suke ji da shi.

Ko a sahun sallah kana jin tari daga kowane gefe, na 'yan gari ma, waɗanda ba su da inda za su gudu. Nawa tarin har asibiti ya kai ni. Kuɗin ganin likita da magani, da komawa wani otal mai na'urar tace iska, da tikitin jirgin sama da na saya a gaggauce don in koma Bangkok, sun cinye arahar nan har sun ci riba a kaina. Da tarin na shiga azumi.

Nuwamba zuwa Janairu ake zuwa, damina ta wuce, gari ya yi sanyi. In kuwa dole ta kai ka a Maris, takunkumin asibiti mai shuɗi ba ya tare hayaƙin sosai, takunkumin N95 mai tace iska za ka nema. Kuma kada ka biya kuɗin ɗaki sai sun tabbatar maka akwai na'urar tace iska a cikin ɗakin, ba a wurin karɓar baƙi kawai ba, don na ga otal da ya yi wannan dabarar.