Mita tana ofishin Oga

Tunda na miƙa makullan sashen gaggawa na asibitinmu, yanzu bakina ya buɗe.

Duk lokacin da aka turo gurbin horo kan haɗarin radiyeshin, wato tururin nukiliya mai lahani da ido ba ya gani, Oga yakan duba alawus ɗin kafin ya duba wanda ya dace. Masu tafiya daban, masu kwana da marasa lafiya daban. Mita guda da muke da ita ta auna radiyeshin kuwa tana kulle a kabad ɗinsa, wai kada yara su lalata. Ranar da aka yi atisaye a gaban baƙi, aka ɗauko ta batir ya zube a ciki. Ni aka ba takardar tuhuma, domin sunana ne a jerin masu kula da kayan aiki. Na amsa a rubuce, na haɗa da kwafin wasiƙun da na yi ta neman makullin. Har yau ban ji bayani ba.

Hujjarsa kullum ita ce, "Wa zai jefa mana bam a nan?" Alhali ba bam ya kashe mutum 4 a Goyaniya ta Brazil a 1987 ba. 'Yan gwangwan ne suka fasa tsohon injin asibiti na gasa cutar daji da aka yasar, hodar siziyom-137, sinadarin da ke fitar da radiyeshin a cikin injin, ta bi gidaje, aka ɗauki kusan mako biyu ana cewa gubar abinci ce ko wata cutar fata. Sai da aka auna mutum kusan 112,000. A Tailan ma, a 2000, daga wurin 'yan gwangwan abin ya ɓullo. Mu kuma ga jari-bola a kowane lungu, ga masu ɗaukar hoton waldar bututun mai da iridiyom, shi ma sinadari mai fitar da radiyeshin.

Ga ƙannena da na bari: wanda ya zo da ƙuna ba wuta ba ruwan zafi, ga amai, ku tambayi sana'arsa da abin da ya taɓa. A riƙa ƙirga fararen ƙwayoyin jininsa a kwana biyun farko. Tuɓe tufafi kaɗai na raba shi da mafi yawan gurɓatar. Mai zubar jini a tsayar masa da jinin tukuna, wanka ya biyo baya. Ƙwayar aidin da ake rabawa idan an yi haɗarin nukiliya ba ta maganin siziyom, komai matsayin wanda ya ce a raba ta.

Kuma duk abin da kuka roƙa a ofishin nan, ku roƙa a rubuce, ku riƙe kwafi.