Kambunan damtse na zamanin yaƙi: yadda nake gane na gaske

Yawancin masu tara kayan yaƙi hular kwano da lambobin yabo suke bi. Ni kuwa kambun damtse ne ya ja ni, ɗan ƙyallen nan da ake zurawa a kan hannun riga don a san matsayin mutum. Da farko launi da rubutu ne kawai suka burge ni. Da tafiya ta yi tafiya sai na fahimci cewa kowane kambu izini ne da wata hukuma ta bayar, kuma daga ranar da na fara tambayar wace hukuma ce ta bayar da shi, ga wa, a wace shekara, aikin tantancewa ya yi mini sauƙi.

Dalilin yana cikin dokar yaƙi. Yarjejeniyar Hague ta 1907 ta ce ɗan sa-kai da ba shi da kaki zai iya samun haƙƙin soja idan ya cika wasu sharuɗɗa, cikinsu har da sanya tsayayyiyar alama da za a iya hangowa daga nesa. Wanda aka kama da alamar yana da hujjar neman a ɗauke shi fursunan yaƙi, wanda ba shi da ita kuwa ransa na hannun wanda ya kama shi. Shi ya sa Jamus ta raba wa tsofaffi da yara matasa na rundunar tsaron gida ta Volkssturm kambu a ƙarshen 1944, ana cikin yaƙin duniya na biyu, lokacin da kaki ya yi ƙaranci. Shi ya sa 'yan gwagwarmayar Faransa na FFI, masu yaƙi da mamayar Jamus, suka ɗaura mai launi uku na tutar ƙasarsu da gicciyen Lorraine mai layi biyu a kwance, mayaƙan boren Warsaw, babban birnin Poland, na Agustan 1944 suka ɗaura fari da ja. Na ma'aikatan jinya ya girme su duka: farin kambu mai jan gicciye ya samo asali daga yarjejeniyar Geneva ta 1864, ta 1906 kuma ta ce a ɗaura shi a hannun hagu, hukumar soja ce za ta bayar da shi ta buga masa hatimi. Don haka idan aka miƙo mini na jinya aka ce daga fagen daga ya fito, hatimin nake fara nema. Rashinsa bai mai da shi jabu ba, ƙila na wata ƙungiyar agaji ne a gida, amma labarin fagen dagar ya faɗi.

Na fi daɗewa a kan na Birtaniya, saboda tarihinsu a rubuce yake dalla-dalla. Akwai na tsarin ɗaukar soja na Lord Derby na 1915, lokacin yaƙin duniya na farko, ruwan kaki da jan kambin sarauta, wanda ake bai wa mutumin da ya yi rajistar shiga soja yana jiran kira, don kada a riƙa yi masa kallon matsoraci a titi. Akwai na LDV (Local Defence Volunteers), rundunar sa-kai ta tsaron gida da sakataren yaƙi Anthony Eden ya yi shelarta a rediyo ranar 14 ga Mayun 1940. A watan Yuli aka canza mata suna zuwa Home Guard, wato haruffan LDV wata biyu da 'yan kwanaki kawai suka yi suna aiki. Abin da ya yi gajeren zamani haka shi masu tara kaya ke rububi, kuma inda rububi yake nan 'yan jabu ke kafa shago. Duk LDV da na gani tsaf kamar yau aka ɗinka, sai na ninka bincike.

Wanda na fi ƙauna shi ne na matan da suka riƙe gonaki lokacin yaƙin duniya na biyu, Women's Land Army. Kore ne da jan kambin sarauta, kuma duk wata shida na aiki ana ƙara wa mace jan ƙyalle mai siffar rabin lu'ulu'u ta ɗinka. Kana kallonsa kana ƙirga damina nawa ta yi. Abin lura shi ne ba rana ɗaya aka ɗinka su ba, saboda haka a na gaske zaren kan bambanta, janta kan bambanta, wani ya koɗe wani bai koɗe ba. Idan duk sun zo iri ɗaya sak, da zare ɗaya da hannu ɗaya, akwai magana.

Shi kansa kambin sarautar agogo ne. Mai zagayayyen sama na zamanin sarakuna maza ne, mai lotsawa a tsakiya kuwa ya shigo bayan hawan Sarauniya Elizabeth ta biyu, wajen 1953. Kambun Civil Defence, hukumar kare farar hula ta Birtaniya, mai irin na biyun na zamanin yaƙin cacar baka ne, ko mai sayarwa ya rantse da me. Na Amurka ba su da wahala: ofishin kare farar hula da aka kafa a Mayun 1941 ya yi amfani da farar alwatika cikin shuɗin da'ira, zanen cikinta shi ke faɗar aikin mutum, ratsin ja da fari ga mai gargaɗin harin sama, harshen wuta ga mai gadin gobara, walƙiya ga ɗan aike.

Bayan tarihi sai ƙyallen kansa, kuma ni daga baya nake farawa, domin gaba ita ɗan jabu ke ƙawatawa. Ina duba ɗinki, da bakin yadi, da ramukan allura ko fil inda aka maƙala shi a riga, da layin ninki. Dattin gaske a gefuna da ninki yake taruwa, inda gumi da guga suka ci. Wanda aka tsoma a ruwan shayi don ya tsufa launinsa bai ɗaya ne ko'ina, har cikin ɗinki. Maɗaurin Velcro, mai gefe biyu da ke manne wa juna, ya yanke hukunci nan take, tunda sai a shekarun 1950 aka yi masa rajista. Haka zaren roba na foliyesta. Idan akwai silin da ya riga ya saki, nakan ƙona shi: auduga tana warin takarda ta bar toka, ulu yana warin gashi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule.

Fitilar nan mai hasken ultrabayolet da ake ta yabo, a ganina an ba ta girman da ya fi ƙarfinta. Gaskiya ne farin yadin bayan yaƙi yakan yi ƙyalli shuɗi a ƙarƙashinta, saboda sinadarin ƙara haske da ya yaɗu a shekarun 1950. Amma tsohon kambu da wata jika ta wanke da garin sabulun zamani shi ma zai yi ƙyalli, ɗan jabu mai wayo kuma tsohon zanen gado yake yankawa, wanda ba ya ƙyalli ko kaɗan. Shaida ɗaya ce cikin shaidu. Na fi dogara da hotunan zamanin da kuma kayan da gidan tarihin Imperial War Museum na Landan ya ɗora a intanet, in gwada siffar haruffa ɗaya bayan ɗaya.

Akwai nau'in da ba na saye: farin kambu mai shuɗiyar tauraruwa da Hans Frank, gwamnan da Jamus ta naɗa a yankin Poland da ta mamaye, ya tilasta wa Yahudawan yankin sanyawa daga 1 ga Disambar 1939. Jabunsa ya cika kasuwa, na gaskensa kuwa wurinsa gidan tarihi ko hannun zuriyar wanda ya ɗaura shi.

Ajiya ba ta da surkulle. Ba na wankewa, ba na guga, ba na rataye su inda rana ke bugawa, domin ja da shuɗi ba sa jimre haske. A kwance nake shimfiɗa su tsakanin takardar da ba ta da asid, na ulu kuma ina leƙa su a kai a kai saboda asu. Kowanne yana da katinsa: inda na same shi, abin da mai shi ya ce, da abin da ni na tabbatar, a layi daban-daban. Idan kambu ya zo da hoto ko katin shaidar mai shi, a ambulan ɗaya suke zama, kuma ko musaya zan yi da wani mai tara kaya, tare suke tafiya.