Kafin ka shuka rumman a ƙasar sanyi

Ɗan ƙanina ya sha rumman, ya tara ƙwayoyin, wai zai shuka su a bayan gida, a wurin da dusar ƙanƙara ke lulluɓe ƙasa duk hunturu. Na ce masa ya dakata, ya ce ai ya gani a bidiyo. Yaran yanzu ba sa bari babba ya kai ƙarshen magana.

Ni ma haka na yi. Ƙwaya na shuka daga irin Wonderful da ake nomawa a Kalifoniya, irin da ke son doguwar bazara mai zafi. Sanyi ya ƙone rassan har ƙasa, saiwar ta sake tohowa, na yi ta murna ina zuba taki har kaka. Takin nan ya fito da ɗanyen toho, hunturu ya zo ya cinye shi. Ko da yake ba duka laifina ba ne, wa zai gaya mini a lokacin? Amma fa an gaya mini, wani dattijo ya ce in nemi reshe, na ga kamar ɓata lokaci ne. Da na gaji, na mayar da bishiyar tukunya na kai ɗaki mai ɗumi, ban san tana bukatar barcin sanyi ba. Shekarar da ta yi 'ya'ya, sanyi ya riske su da tsami, domin rumman na ɗaukar wata 5 zuwa 7 daga fure zuwa nuna. Wannan ya fi ƙona mini rai: bishiya tana raye, bazara ta gaza mata.

To, ɗan ƙanina, kada ka shuka ƙwaya, ba lallai ta gaji uwarta ba. Nemi reshen irin Salavatski ko na Kazake, su ne ke jure sanyin da ya zarce digiri 12 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, inda yawancin iri ke mutuwa. A tukunya za ka sa, da hunturu ka kai ta wuri mai sanyi wanda ruwa ba ya daskarewa, ka rage ban ruwa. To, in kana da bangon da rana ke duka wuni guda, sa ta a ƙasa a gindinsa, ta fi ƙarfi a can, muddin ruwa ba ya kwanciya. Bar mata rassa da yawa daga tushe. A Uzbekistan manoma kan lanƙwasa rassan su binne da ƙasa har sanyi ya wuce, aikin da na san kai da ba ka iya ajiye waya ba za ka ce ya yi yawa.