Sai bayan isha'i kasuwata ke ci

Da la'asar nake buɗe shago, amma ciniki na gaske ba ya kankama sai an sallame isha'i. Wanda bai san sana'ar nan ba yana ɗauka gidan gem matattarar yara ce da 'yan zaman kashe wando. Ni da nake ƙirga kuɗin kowane dare na san ba haka ba ne. Yaro zai zo da ɗari biyunsa a dunƙule cikin tafi, ya buga wasa ɗaya, ya share awa biyu yana kallon na wasu, ya cika mini benci. Masu biya mini haya da kuɗin mai su ne masu abin yi: tela, ɗan kabu-kabu, mai gyaran waya, malamin firamare, yaran shago daga Babbar Kasuwa, da wani ma'aikacin jinya da ba ya fashi duk ranar da ba ya aikin dare.

Shagon yana unguwar Mabera a Sakkwato, ɗaki ɗaya ne mai faɗi, talabijin biyar, na'urar gem PS4 huɗu da PS5 ɗaya. A 2016 na fara da PS3 guda biyu 'yan gwanjo. Son abin ne ya ja ni, ba lissafin riba ba. Mu da muka tashi da gem ɗin ƙwallo na Winning Eleven a kan PS2, mai sharhi yana zuba Japananci ba ma jin ko kalma ɗaya, muna ɗauko Roberto Carlos daga baya mu kai shi gaba saboda gudunsa da ƙarfin ƙafarsa, mun san daɗin da ke ciki. Shekarar da na buɗe ita ce Ahmed Musa ya koma Leicester, ranar da gem ɗin ƙwallo na FIFA 17 ya iso shagona kuwa kowa Leicester yake so, har sai da na sa doka a riƙa jefa kwabo. Yanzu sunayen ma sun canja: PES, wato Winning Eleven ɗinmu, ta zama eFootball a 2021, FIFA ta koma FC a 2023, amma har gobe in mutum ya shigo cewa yake "a sa mini FIFA".

Ƙwallo ita ce sana'ar. Akwai Mortal Kombat da wasan tseren mota, amma in mutum goma sun shigo, da wuya ka sami biyu da suka zo dominsu. Wasan harbe-harbe irin su PUBG da Free Fire ya koma cikin waya, kowa na bugawa a ɗakinsa. Abin da waya ba za ta ba ka ba shi ne ka zura wa abokinka uku yana zaune kusa da kai, jama'a na ihu, gobe ka bi ta ƙofar shagonsa ka tambaye shi ya jiki. Wannan nake sayarwa. Ranar Asabar da Lahadi gidan kallon ƙwallo yakan kwashe mini mutane, amma da alƙali ya busa tashi sai su dawo a fusace, wanda aka ci kulob ɗinsa yana neman ramuwa a talabijin ɗina.

Wahalar sana'ar uku ce, kuma duk 'yan Sakkwato ne: zafi, ƙura da wuta. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, na'ura takan yi ta huci kamar za ta tashi sama, in ba ka kula ba ta kashe kanta ana tsakiyar wasa, a bar ka da rabon faɗa kan wa ke gaba. Kowace na ɗora ta kan katako mai ƙafa don iska ta bi ta ƙasa, da 'yar fanka a bayanta. Da hunturu kuma ƙura ce ke toshe ta, dole duk bayan 'yan makonni in kwance in bushe. Hannun gem shi ne ke cin kuɗi a ɓoye. Gumi da ƙura da haushin wanda aka ci, sai ka ga ɗan wasa yana tafiya hagu shi kaɗai ba a taɓa shi ba. Na taɓa sayen guda shida wajen wani dila bisa cewa na asali ne, ko wata biyu ba su yi ba. Tun daga nan na koyi canja 'yar sandar da ake juya ɗan wasa da ita da kaina da dalma, yanzu har na wasu shaguna ake kawo mini.

Wuta kuwa, kafin Mayun 2023 janareta nake tayarwa ba na tunani, litar fetur ba ta kai naira 200 ba. Da aka cire tallafi ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta tsallake dubu. Wata uku ina aiki domin gidan mai. Sai da na sayar da babur ɗina na haɗa sola da batura. Rana dai ba mu rasa ta a garin nan, abin da ke ƙona mu shi ke kunna mana talabijin. Batir yakan kai ni wajen sha ɗaya na dare, janareta ya ƙarasa.

Dokokina ba su da yawa. Ba yaro da kayan makaranta, ba yaro a lokacin Islamiyya. In aka kira salla a kashe talabijin ko da bugun fanareti ake. Wanda aka ci shi ke biya, wannan al'ada ce, amma ɗora kuɗi a kan wasa caca ce, na kori mutane a kanta, ciki har da ɗan ƙanin mahaifina. Ba don tsoron mai unguwa kaɗai ba. Duk gidan gem ɗin da na ga an rufe a garin nan, ko caca ce ta kashe shi ko iyayen yara.

Telan da na ambata shi ne ya fi koya mini yadda ake riƙe abin nan. Yana da mata da 'ya'ya uku. Tara da rabi yake shigowa, wasa uku yake bugawa, ko ya ci ko an ci shi sai ya ajiye hannu ya miƙe. In aka ce, "Haba maigida, ka tsaya ka rama mana," sai ya ce, "Wanga abu ba ya ƙarewa, ɗinkin mutane na jirana da sahe." Da azumi ya shigo ba na ƙara ganinsa sai bayan salla, yana can yana kwana kan keke. Akwai kuma wani ɗan kabu-kabu da na lura yana zuwa tun la'asar, babur a jingine a waje, kuma na san na haya ne, balas ake jira da dare. Na ja shi gefe na ce, "Ƙanena, kuɗinka na so, amma ba na mai babur ba. Ka tahi ka yi aiki, ka dawo bayan isha'i." Ya yi fushi mako biyu. Yanzu yana cikin 'yan dare.

Azumi kan juya mana lokaci gaba ɗaya: da rana a rufe, bayan asham a buɗe har kusan sahur. Kwana ukun salla kuwa yara ne da kuɗin barka da salla, layi har waje, a nan nake fitar da kuɗin sababbin hannaye na shekara.

Abin dariyar shi ne ni da na buɗe shago don in riƙa buga gem kyauta, ni ne na fi kowa rashin bugawa. Ina karɓar kuɗi, ina duba batir, ina raba gardama kan ko Madrid ta halatta a ɗauka. Yaron shagona ma yanzu cin kaca yake mini. Jiya bayan kowa ya watse na ce bari in ɗana ko wasa ɗaya. Na zaɓi kulob, ina cikin jera 'yan wasa, waya ta yi ƙara: uwargida ce, wai in biya in sayo burodi kafin mai shayi ya tashi. Na kashe talabijin, na jawo ƙofa.